Sunan kaktus ne ke kashe shi a gidajenmu

Yau maganar fure za mu yi. Mun san wani zai ce duk abin da ke damun ƙasa ba a ga na magana ba sai fure? A yi haƙuri a saurara, akwai kuɗin mutane a ciki, kuma galibi kuɗin mata ne.

Ƴan shekarun nan sayen tsirran ado ya shigo gari sosai. Duk wanda ya bi bakin titunan Yamai ya ga masu sai da itatuwa sun jera tukwane, kuma abin ya kai sauran manyan garuruwa. Amarya na son kore a salonta, ma'aikaci na son ɗan tsiro bisa teburin biro. Cikin abin da ke shigowa, wani ta hannun ƴan kasuwa daga ƙasashen bakin teku, wani a tsarabar matafiya, akwai wani tsiro marar ƙaya mai gaɓoɓi falan-falan, kowace gaɓa ta kama bakin ƴar uwarta, suna zubowa ta gefen tukunya. A bakin gaɓar ƙarshe yake fid da fure, ja ko ruwan hoda ko fari. Masu jin Faransanci na ce mashi kaktus na Nowel. Ana sayen shi yana cikin ƙawarsa, bayan wata biyu sai ya yi jajawur, ya yanƙwane, gaɓoɓin su fara zuba ɗaya ɗaya. Mai shi ta ce hannunta ne ba ya karɓar shuka, wata ma ta ce baki ne ya kama shi. Mu dai a ganinmu sunan da anka ba shi ne ya kai shi lahira.

Da an ce kaktus, abin da ke zuwa ran kowa hamada ce: tsiro mai ƙaya, tsaye cikin rairayi, rana na dukansa bai damu ba. Shi ke nan sai a yanke hukunci, ba ya son ruwa, rana yake so. A ɗauke shi a kai tsakar gida ko bisa katanga, a manta da shi kwana ashirin. Wannan hukuncin ya yi daidai ga danginsa na hamadar Meksiko. Amma kama da wane ba wane ba ce. Wanga tsiro ɗan kurmi ne. Asalinsa duwatsun da ke kusa da gaɓar teku a kudu maso gabashin Birazil, wajen jihohin Riyo da Sawo Pawulo, a tudun da ya kai mita 700 zuwa sama. Wuri ne mai sanyi-sanyi, mai hazon ruwa da raɓa, inda ake ruwan sama mai yawa. Can ɗin ma ba a ƙasa yake tsirowa ba. Bisa rassan manyan itatuwa yake zama, ko a tsagar dutse mai gansakuka, ƙarƙashin inuwar ganye. Ku tuna yadda kauci ke zama bisa itace, sai dai shi ba ya tsotsar itacen, wurin zama kawai ya ara. Saiwarsa na cikin ɗan ruɓaɓɓen ganyen da ya taru a mararrabar reshe, ruwa ya zo ya jiƙa ta ya wuce, iska ta biyo baya.

A littafin masana sunansa Schlumbergera. Wani masanin tsirrai Bafaranshe, Charles Lemaire, ya raɗa mashi sunan a 1858 don girmama Frédéric Schlumberger, wani mai tara irin waɗannan tsirrai a Faransa. Shi kansa sunan Nowel ɗin na Turawa ne, don a ƙasashensu a ƙarshen shekara yake fure. A gidansu Birazil furen watan Mayu suke ce mashi, domin can lokacin ne dare ke tsawo, sanyi ya shigo. Ku riƙe wannan, za mu dawo kanta.

Akwai wani ruɗanin kuma na kusa da gida. Dangin kaktus duka ƴan nahiyar Amurka ne, in ban da guda ɗaya tak mai kama da zaren taliya da ake samu yana rataye bisa itatuwa a kurmin Afirka. Aguwar da muke shinge da ita muna tsai da rairayi, da tinya, da ƙerana, duk ba kaktus ba ne, wani gida ne daban. Amma da yawa cikin masu ƙayar da ake sayarwa bakin titi da sunan kaktus, ƴan gidan su tinya ne. Gane su ba wuya: a ɗan karce jikin, in farin ruwa kamar nono ya fito, to dangin tinya ne. Wannan nonon yana ƙona fata, in ya shiga idon yaro kuwa sai asibiti. Mai ƙananan yara ta san abin da take ajewa ƙasa a salo. Shi na Nowel ba shi da wannan nonon, ba shi da ƙaya, ba a san shi da dafi ba. Ta wannan fuskar ya fi su dacewa da gidan da ke da yara.

To tambayar ita ce, ɗan kurmin dutse zai iya rayuwa a ƙasar da watan huɗu da na biyar zafi ke wuce digiri 40, dare ma ba sauƙi? Zai iya, amma ba a kowane ɗaki ba, kuma ba da tsarin da ake gani a bidiyon Facebook da TikTok ba. Masu yin waɗannan bidiyo yawancinsu a Turai da Amurka suke. Matsalarsu ƙarancin rana da sanyin ƙanƙara, shi ya sa za ka ji suna cewa a kai shi bakin tagar da ta fi samun haske, a ba shi ruwa sau ɗaya a sati ko a kwana goma. Wanda ya bi wannan a Tawa cikin bazara ya gasa tsironsa da hannunsa. Mu namu lissafin da namu lokutan za mu yi shi: bazara, damina, kaka, ɗari.

Wurin zama shi ne farko. Haske yake so, amma hasken inuwa, irin wanda mutum zai karanta takarda ba tare da ya kunna wuta ba. Tagar gabas mai labule marar kauri ta yi, in rana ta ɗan taɓa shi da sanyin safiya ba laifi. Tagar yamma kuwa, daga azahar zuwa la'asar, tanda ce. In kun ga gaɓoɓin sun fara komawa ja-ja ko ruwan makuba, yana gaya maku ne rana ta yi yawa, a matsar da shi tun bai ƙone ba. Ɗakin kwano marar silin, wanda mutum ma ba ya iya zama cikinsa da rana tsaka, ba wurinsa ba ne ko kaɗan. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi mashi ɗakin siminti nesa ba kusa ba, kuma wannan abin dariya ne, don masu sayen shi galibi masu gidan siminti ne.

Amma in kun tambaye mu wurin da ya fi kowane a gidan Bahaushe, gindin randa ne. Kakanninmu sun riga sun zaɓa ma randa lungun da ya fi inuwa da iska. Jikinta na tsattsafo da ruwa dare da rana, ƙasan wurin kullum da laima, iskar da ke kewaye da ita ta fi ta sauran gidan sanyi da danshi. Wannan ɗan lungun shi ne abin da ya fi kama da kurmin Birazil a duk gidan. A ɗora tukunyar bisa ɗan dutse ko kujera ƴar tsugune kusa da ita, matuƙar akwai haske, tun daga watan uku har ruwan farko ya sauka. Mun san ba don a ɓoye shi bayan randa anka saye shi ba, don baƙi su gani ne. To a bari ya tsallake bazara tukuna, salo na nan ba inda za shi.

Masu kilim kuma kar su ce sun tsira. Sanyin yana mashi daɗi, amma na'urar tana tsotse danshin iska, kuma in iskar na bugunsa kai tsaye sai ya bushe a tsaye. Ga shi in an ɗauke wuta, rufaffen ɗakin mai gilashi ya koma zafi cikin ɗan lokaci. Wannan hawa da saukar ta fi zafin kanta wahalar da shi. A sa shi gefe, a aza tukunyar bisa faranti mai tsakuwa da ɗan ruwa, yadda gindin tukunyar bai taɓa ruwan ba.

Sai tukunya da ƙasa, nan ne ake yin ɓarnar da ba a gani. Da yawa ana sayar da shi cikin baƙar leda ko robar ado marar huji, an cika ta da laka ko ƙasar fadama. Irin wannan ƙasar in ta jiƙe sai ta riƙe ruwa kamar kunu, in ta bushe ta koma tubali. Duka biyun mutuwa ce ga saiwar da ta saba da iska. Tukunyar ƙasa ta fi, irin ta Mirya ko ta Bubon ko ta kowace maginiya ta unguwa, a ce ta huda gindin tun tana ɗanya. Tukunyar ƙasa na numfashi, tana sanyaya saiwa kamar yadda tulu ke sanyaya ruwa. Kuma kar a nemi babba, shi ya fi son matsatsen wuri. Babbar tukunya ƙasa ce mai yawa da za ta riƙe ruwan da ƴar saiwarsa ba ta iya shanyewa. Abin da za a zuba ciki duk muna da shi: ruɓaɓɓen ganye ko takin da ya kwana biyu har ya koma baƙar ƙasa marar wari, yashi mai gwaɓi na gulbi wanda anka wanke, dakakken gawayi gutsi-gutsi kamar ƙwayar wake, da ɓawon gujiya da ya ruɓe in akwai. A cakuɗa yadda in an zuba ruwa zai ratsa ya fito ta ƙasa nan take. Ɗanyen kashin awaki ko na kaji kar a kusanta shi, ƙone saiwar zai yi.

Ruwa fa? Yana sha, wannan ita ce maganar da muke so ta zauna. Ba a ƙidaya mashi kwanaki, yatsa ake sawa. A tura yatsa cikin ƙasar zuwa gaɓa ɗaya, in an ji a bushe a ba shi har ya ɗigo ta ƙasa, in da laima a ƙyale shi. Cikin bazara a tukunyar ƙasa wannan na iya zama duk kwana biyu ko uku, cikin damina sai a yi sati ba a ba shi ba. Da safe ko bayan magariba ake bayarwa, ba da ruwan bidon da ya wuni a rana ba. Inda abin ke ruɗa mutane shi ne, tsiron da ƙishi ya kama da wanda ruwa ya ruɓar ma saiwa duk kamanni ɗaya suke yi, su yi laushi su yanƙwane. Sai mai shi ta ga haka ta ƙara ruwa, alhali ruwan ne ya kashe saiwar. In ya yanƙwane kuma ƙasar na jiƙe, a zare shi a duba: saiwa mai lafiya fara ce, ruɓaɓɓiya baƙa ce mai wari.

Irin ruwan ma da magana. Ruwan wanki mai omo da ake watsa ma bedi a ƙofar gida, bedi ya jure, shi ba ya jurewa. Ruwan rijiyar da ke da gishiri-gishiri ko kanwa yana barin farin ɓawo a bakin tukunya, sannu a hankali ya ci saiwar. Na pampo a tara shi ya kwana a buɗe. Wanda ya fi duka ruwan sama ne, wanda ya samu ya tara ko buteli biyu uku ne. Mun san ƴan uwanmu na Damagaram, inda ruwa ke da tsada har sai an bi ƴan garuwa, za su ce mutane na neman na sha ana maganar shayar da fure. Maganarsu na da ƙamshin gaskiya in ciyawar ado ce ake shimfiɗawa a tsakar gida ana mata ambaliya safe da yamma. Amma tukunya guda kofi ɗaya take sha. Ruwan alwala ɗaya in an tare shi a kwano, tunda ba sabulu cikinsa, ya ishe ta har ya yi saura.

In hunturu ya busa, wata wahalar ce. Danshin iska na faɗuwa ƙasa da kashi 20 cikin 100, irin wanda ke fasa mana leɓe da diddige, ƙura kuma ta lulluɓe komai. Waɗannan gaɓoɓin da muke ɗauka ganye, reshe ne ya yi faɗi, kuma ta jikinsu yake numfashi, galibi ma da dare. Ƙura in ta kwanta sai ta toshe shi. A riƙa ɗauraye shi da yayyafin ruwa sau ɗaya a sati ko a goge da jiƙaƙƙen tsumma mai laushi. A nan ne kuma za a lura da wasu fararen ƙwari kamar gutsuren kaɗa da ke laɓewa a mahaɗar gaɓoɓi. Tun suna kaɗan a goge su da ɗan ruwan sabulun wanka, a ɗauraye.

Amma ɗarin nan da muke kuka da shi, shi ne ke kawo abin da anka sayi tsiron dominsa. Ku tuna mun ce a Birazil sai dare ya yi tsawo sanyi ya shigo yake fure. Abu biyu yake jira: duhu na awa 12 zuwa 14 kowane dare har wajen sati shida, da sanyin dare. To Allah da ikonsa, mu ma muna da su. A watan sha biyu da na ɗaya darenmu na wuce awa 12 da rabi, sanyin asuba a garuruwanmu na sauka wajen digiri 13 zuwa 17, Maraɗi da Damagaram sun fi Yamai samun shi. Abin da ke hana shi fure a gidajenmu ampul ne da tele. Tsiron da ke salo, wuta na kunne har sha biyun dare ana kallon fim, shi a lissafinsa dare bai taɓa tsawo ba. Sai ya shekara uku kore shar ba fure ko ɗaya, a ce an sayar ma mutum namiji. Ba shi da namiji da mace. Daga tsakiyar watan sha ɗaya a riƙa kai shi wuri mai duhu da sanyi tun magariba, baranda marar fitila ko ɗakin da ba a kwana, ko a kifa mashi kwali, da hantsi a buɗe. A ɗan rage ruwa a lokacin. Da an ga ƴan ƙulle-ƙulle kamar ƙwayar shinkafa a bakin gaɓoɓi, aiki ya yi, a zaɓa mashi wuri guda a bar shi nan. Yawan ɗauka da juyawa da bari ya bushe a wannan gaɓar shi ke sa ya zubar da su tun ba su buɗe ba. Da wannan lissafin namu zai fi karkata ga watan ɗaya ko na biyu, ba Nowel ba.

Yanzu ga masu sayarwa, don kaso mai tsoka na laifin wurinsu yake. Ba mu ce duka da gangan suke yi ba, wasunsu su ma haka anka gaya masu. Amma wanda ya ɗauki sana'a ya kamata ya san kayansa. Mai sai da rago ya san na kiwo da na yanka. Don me mai sai da tsiro zai jera ɗan kurmi da ɗan hamada a rana ɗaya, ya ba su suna ɗaya, ya ce ma kowa ba ya son ruwa? In lissafin shi ne tsiron ya mutu a dawo a sayi wani, lissafin banza ne, domin matar da ta yi asarar jikkunanta sau biyu furen roba za ta koma, kuma ta tafi ke nan. Kalma uku ta isa a gaya ma mai saye: inuwa, huji, yatsa. Ku ma masu saye ku tambaya daga ina tsiron ya fito, ku ɗaga tukunyar ku duba gindinta, kar furen ya rufe maku ido.

Kuma mu faɗi wadda ba a son ji: ba kowa ya kamata ya saye shi ba. Mai ɗakin kwano guda, mai yawan tafiya, wanda zai bar gida sati biyu cikin watan biyar ba mai dubawa, ya haƙura. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. In tsiron da zai jure rana da mantuwa ake so, ga kariya nan tamu ta gida, wadda ke fid da fure ruwan hoda cikin tsakiyar rani ba ko ganye a jikinta. A ƙasashen Asiya tarairayarta ake yi cikin tukwane ana gasar kyau da ita, mu nan muna wuce ta a daji ba mu ko waiwaya ba. Sai dai ruwan jikinta dafi ne, a nisanta ta da yara da dabbobi. Ga zabuwa ma, ba ruwanta da wahala.

Wanda kuma yake da wurin da ya dace, ba lalle sai ya saya ba. Tsiron nan in ya samu riƙo yana shekaru da dama, a wasu ƙasashe har gadonsa ake yi daga kaka zuwa jika, kuma reshe guda ya isa iri. In maƙwabciya na da shi, a roƙi gaɓa biyu ko uku a haɗe, a murɗe su daga mahaɗa da hannu, a aje a inuwa kwana biyu bakin ya bushe. Sannan a soka rabin gaɓar ƙasa cikin irin cakuɗin da munka faɗa, a bar shi da ɗan laima kawai, cikin wata guda ko fiye kaɗan zai yi saiwa. Haka ma ake ceto wanda gindinsa ya ruɓe, a tsinke gaɓoɓin sama masu lafiya a sake dasawa, a zubar da tsohuwar ƙasar. Lokacin da ya fi dacewa da wannan a wurinmu shi ne in damina ta zauna, wajen watan bakwai, sa'ad da zafi ya karye iska ta yi laushi.